Idan babban wa ya rasu, ƙannensa ma a yi musu gaisuwa

Bahaushe ya ce babban wa uba. Iyalai da yawa da ke zaune a sansanin Minawao, da waɗanda suka samu mafaka a unguwannin Mokolo, Marwa da Garwa, sun ga gaskiyar wannan magana da idonsu. Lokacin da aka afka wa Gwoza a watan Agusta na 2014, da Bama a watan Satumba, da Mubi a watan Oktoba, a gidaje da dama babban wa ne ya goya tsohuwa, ya riƙe hannun ƙanne, ya bi da su ta kan dutse har aka tsallako Kamaru. A wasu gidajen kuma shi ne ya tsaya a baya don sauran su tsira, ba a sake ganinsa ba. Akwai kuma wanda ya iso lafiya, ya yi shekaru yana ɗawainiyar gida, sai ciwo ko hatsarin hanya ya ɗauke shi a nan.

Idan irin wannan mutum ya rasu, masu zuwa ta'aziyya sukan nufi mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa, kuma daidai ne. Amma ƙaninsa, abin da ake ce masa shi ne, "Kai ne babba yanzu, sai ka daure," sannan a aike shi aron tabarmi. Ƙanwarsa kuma tana bakin murhu tana dafa wa baƙi abinci. Kafin a ankara an watse daga zaman makoki, babu wanda ya zauna ya tambaye su yaya haƙuri. Wannan bayani dominsu ne, da kuma maƙwabtansu da ke son taimaka musu.

Abin da ƙane ya rasa

Iyaye sukan riga mu tafiya, abokin aure da 'ya'ya kuma a tsakiyar rayuwa muke samunsu. Ɗan'uwa ne mutum ke sa ran za su yi tafiyar tare tun daga ƙuruciya har furfura. Shi ya sa ake cewa ɗan'uwa rabin jiki.

Ga wanda ya bar garinsu, rashin ya fi haka nauyi. Wa ne ya san iyakar gonar gado, ya san wanda ke bin gidan bashi da wanda gidan ke bi. Shi ke tuna yadda baba yake magana da inda aka binne kaka. Sansanin Minawao an buɗe shi ne a watan Yuli na 2013, don haka da yawa daga cikin samarin yau suna 'yan ƙanana aka fito da su, abin da suka sani game da garinsu daga bakin yayyensu suka ji. Idan wa ya tafi, wani yanki na garin ya tafi tare da shi.

Ba kowace 'yan'uwantaka ce ke da daɗi ba. Wani wan mai faɗa ne, wani an rabu da shi ba a shiri, wani kuma 'yan uba ne da kishin iyaye mata ya shiga tsakaninsu. Wannan ba ya rage zafin rashi, wani lokaci ma ƙara shi yake yi, domin maganar da ba a ƙarasa ba tana ci wa mutum rai.

Yadda baƙin ciki ke bayyana

Baƙin ciki ba shi da fuska ɗaya. Waɗannan abubuwa duk sukan faru, kuma ba alamar taɓuwar hankali ba ne:

Rashin barci, ko yawan mafarkin mamacin. Rashin son abinci, ciwon kai, nauyin ƙirji da kasala. Mantuwa da rashin natsuwa wajen aiki ko karatu. Ka hango wani a layin karɓar abinci ka ɗauka shi ne, ko ka ji kamar muryarsa a ƙofar gida. Saurin fushi da yara, da likita, har ma da shi mamacin. Wani kuma ba ya jin komai, zuciyarsa ta bushe, hawaye sun ƙi zuwa, sai bayan wata biyu ko uku abin ya faɗo masa.

Akwai kuma zargin kai. "Da na koma na neme shi." "Da na kai shi asibitin Mokolo da wuri." "Me ya sa ni na tsira?" Wannan tunani ya yi yawa a tsakanin mutanen da suka tsere daga yaƙi a ko'ina cikin duniya. Ka tuna cewa shawarar da ka yanke a wannan rana ka yanke ta ne cikin tsoro da gaggawa, da ɗan abin da ka sani a lokacin. Abin da ka sani yau, ba ka san shi a ranar ba. Wanda ya harba bindiga shi ke da alhaki, ba wanda ya gudu daga gare ta ba.

Zafin yakan ragu a hankali, amma ba a jere ba. Ana iya yin makonni cikin sauƙi, sai ranar Sallah ko Kirsimeti ta zo, ko damina ta faɗi lokacin da kuka saba fita gona tare, abin ya dawo sabo. Wannan ba koma baya ba ne, haka yake tafiya.

Hawaye ba rashin tawakkali ba ne

Ana yawan ce wa maza kuka na mata ne. Tarihin addinan da muke bi bai nuna haka ba.

Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi, wanda kowa ya san ƙarfin zuciyarsa, yana da wa mai suna Zaidu, wanda ya riga shi shiga Musulunci kuma ya yi shahada a yaƙin Yamama zamanin halifancin Sayyidina Abubakar. Masu tarihi sun rawaito cewa har bayan shekaru, idan iskar gabas ta kaɗa, Umar yakan tuna da wansa. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da malamai suka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da furta maganar da ke nuna ƙin ƙaddara. Kwana uku da aka iyakance wa 'yar'uwa na barin ado ne, ba a ce zuciya ta daina ciwo a rana ta huɗu ba.

A ƙasarmu ma akwai misali. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasa wanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno a 1837. Ba ta ɓoye baƙin cikinta ba. Ta yi masa marsiyya, ta kuma tsara waƙa da Fulatanci, harshen da ake ji a kasuwannin Garwa da Marwa har yau, tana lissafa halayensa don na baya su sani. Kusan shekara 200 ke nan, ana karanta abin da ƙanwa ta rubuta a kan wanta.

'Yan'uwa Kirista kuma sun san labarin Marta da Maryamu na Betanya da rasuwar ɗan'uwansu Li'azaru. Linjila ta nuna cewa Yesu Almasihu bai tsawata musu don suna kuka ba, shi ma hawaye ya zubar a wurin.

Saboda haka haƙuri da hawaye suna iya zama a zuciya ɗaya.

Idan ba a ga gawa ba

Wannan ya fi kowanne wuya. Ba a yi wanka ba, ba a sa likkafani ba, babu kabarin da za a nuna. Wani ya ce ya gan shi a kwance, wani ya ce ya ji labarinsa a Maiduguri ko a tsare a wani wuri. Mahaifiya ta ƙi yarda a yi sadaka, matarsa ba ta san ko ita mai aure ce ko mai takaba ba. Iyalan da ke cikin wannan hali suna da yawa. A 2019 Kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, wato ICRC, ya ce yana riƙe da sunayen kusan mutum 22,000 da suka ɓace a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarsa a lokacin. Zuwa 2022 sun haura 25,000.

Ga abin da za ku iya yi. Ku je wurin ma'aikatan Red Cross, waɗanda a nan ake kira Croix-Rouge, ku buɗe takardar neman ɗan'uwa. Ku tafi da cikakken sunansa da laƙabinsa, sunan uba da na uwa, garinku da unguwarku, rana da wurin da aka gan shi na ƙarshe, wata alama a jikinsa, da hotonsa idan akwai. Idan kun sauya lambar waya ko wurin zama, ku koma ku sanar. Wannan aiki kyauta ne. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi zai haɗa ku da ɗan'uwanku, ko zai fito da shi daga inda ake tsare da shi, ku kawo maganar ofishin kare haƙƙi kafin ku ba da ko dala.

Game da sallar gawa ga wanda ba a ga jikinsa ba, malamai sun saɓa. Wasu sun halatta, suna kafa hujja da sallar da Annabi ya yi wa Najjashi sarkin Habasha, malaman Malikiyya kuma ba su tafi a kan haka ba. Amma addu'a da sadaka babu mai hana su. Matar wanda ya ɓace kuma tana da hukunci na musamman a shari'a, ba dangi ne ke yanke mata da ka ba. A kai maganarta gaban malami masani ko alƙali, ita ma tana wurin. Iyalan Kirista su nemi fastonsu a shirya addu'ar tunawa.

Cikin gida ɗaya wani zai ci gaba da sa rai, wani zai haƙura. Kada a tilasta wa kowa. Mai jira ba mahaukaci ba ne, mai haƙura kuma bai ci amana ba.

Nauyin da ya bari

Baƙin ciki ba ya hana kwanaki tafiya, kuma akwai abubuwan da jinkirinsu ke cutar da marayu.

Na farko, takardar shaidar mutuwa. Dokar Kamaru ta ba da kwana 90 a kai rahoton rasuwa ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Idan a asibiti ya rasu, ku karɓi takardar likita kafin ku bar wurin. Idan a gida ne, ku tafi da shaidu biyu. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu, kuma wannan yana cin lokaci. Takardar, wadda da Faransanci ake kira acte de décès, za ta yi amfani wajen rabon gado, da tabbatar da cewa yara marayu ne, da kuma ranar da aka koma gida. Waɗanda ke zaune a cikin gari kamar Garwa su nufi ofishin magajin garin gundumarsu.

Na biyu, katin iyali. Wasu na ɓoye rasuwa don tsoron a rage musu abinci. Gaskiya ne za a cire rabon mamaci. Amma idan sunansa ne a matsayin maigida, barin katin haka yana jefa matarsa da 'ya'yansa cikin matsala ranar tantancewa, domin babu wanda zai iya sa yatsa a madadinsa. Ku sanar da ma'aikatan rajista na Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira, HCR, a mayar da katin sunan wanda ke riƙe da gidan yanzu, a kuma rubuta cewa akwai marayu a cikinsa.

Na uku, matarsa. Takabar Musulma wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma sai ta haihu. Ba a korar ta daga ɗakinta, ba a karɓe mata kati. Bayan ta fita takaba, ita ke da zaɓi. Idan ta yarda ta auri ƙanin mijinta, babu laifi, idan ta ƙi, babu mai tilasta mata. Mace ba kayan gado ba ce.

Na huɗu, dukiyarsa da 'ya'yansa. A shari'ar Musulunci, idan mamaci ya bar ɗa namiji ko mahaifi, 'yan'uwansa ba su da rabo a gadonsa, matar kuma tana da kashi ɗaya cikin takwas idan akwai 'ya'ya. Keken ɗinki, babur, akuya ko jarin da ya bari, amana ce a hannun baffa. A kira shaidu a rubuta abin da ke akwai da bashin da ake binsa. Kada a cire yaro daga makaranta don ya maye gurbin ubansa a kasuwa, kada kuma a aurar da yarinya don a rage baki. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta haramta auren dole da aurar da wanda bai kai shekara 18 ba.

Kai kuma ƙane, ba a ce ka zama wanka ba. Abin da ya yi a shekara ashirin ba za ka yi shi a wata ɗaya ba. Ku zauna da 'yan'uwa mata da maza ku raba nauyin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda za a gaya wa yara

Kada a ce wa yaro babansa ko yayansa ya yi tafiya, domin zai zauna jiran dawowarsa, ranar da ya gane kuma zai daina yarda da maganar manya. Kada a ce barci yake yi, domin yaron zai ji tsoron kwanciya. A gaya masa a taƙaice cewa ya rasu, ba zai dawo ba, ba laifin yaron ba ne, kuma ga waɗanda za su kula da shi. Yaron da bai kai shekara biyar ba zai yi ta maimaita tambayar, sai a yi ta ba shi amsa iri ɗaya. Wani zai koma fitsarin kwance, wani zai manne wa uwarsa, wani zai shiga faɗa a makaranta. Duka ba ya gyara wannan. A sanar da malaminsa abin da ya faru.

Hanyoyin tunawa da shi

Ku riƙa ambaton sunansa. Gidan da aka daina kiran sunan mamaci don gudun tayar da hankali, kowa sai ya koma yana kuka a ɓoye. Ku ba 'ya'yansa labarinsa, har da abin dariya. Wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ya rubuta abin da wan ya sani game da gona da dangi da asalin gidan tun ba a manta ba. Hoton da ke cikin waya a tura wa wani ɗan'uwa, domin waya tana ɓata.

Ku biya masa bashi idan da hali, ku riƙe zumuncin abokansa. Sadakar uku da bakwai da arba'in al'ada ce da wasu ke yi, wasu kuma ba sa yi. Ko wacce kuka bi, kada ku ci bashi ko ku sayar da abincin yara saboda ita. Ɗebo wa tsohuwa ruwa ma sadaka ce. A Minawao, inda aka dasa dubban itatuwa a shekarun nan har inuwa ta dawo, dasa darbejiya ɗaya da niyyarsa a kuma shayar da ita abu ne da talaka zai iya.

Tun bayan yarjejeniyar da Kamaru da Najeriya da HCR suka sa wa hannu a ranar 2 ga Maris 2017, da fara mayar da masu son komawa Banki da Bama a 2021, wasu iyalai na tafiya su bar kabarin ɗan'uwansu a nan. Idan kuna shirin tafiya, ku ziyarci kabarin, ku nuna wa yara, ku gaya wa wanda zai zauna inda yake. Komawa gida ba yasar da shi ba ne, addu'a ba ta san iyakar ƙasa ba.

Lokacin da ya kamata a nemi taimako

Yawancin mutane suna samun sauƙi da taimakon dangi da ibada da wucewar lokaci. Amma wasu abin yakan tsaya musu cik. Tun daga Janairun 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin da ya ƙi sauka a jerin larurorin da ake yi wa magani. Ana maganarsa ne idan an wuce aƙalla wata shida, begen mamacin bai bar mutum ya yi aiki ko ya kula da iyalinsa ba. Bincike ya nuna yana samun kusan mutum ɗaya cikin goma bayan mutuwar ciwo ko tsufa, amma idan kisa ne ko hatsari adadin yakan kusa rabi.

Ku je cibiyar lafiya ku nemi ma'aikacin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa idan mutum ya daina cin abinci ko wanka, ya kulle kansa a ɗaki, abin da ya gani yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, ko ya koma shan tramol, wiwi ko giya don ya samu barci. Ƙwaya tana danne ciwon na 'yan sa'o'i ne, ta bar mutum da ciwo biyu. Haka nan idan saurayi ya fara maganar ɗaukar fansa, manya su zauna da shi, kada a bar shi da abokan da za su zuga shi.

Idan kuwa mutum ya ce gara ya bi ɗan'uwansa, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama, kada a jira gobe. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa, a kai shi cibiyar lafiya a ranar. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe masa bakin magana. Abin da aka faɗa wa ma'aikacin lafiya sirri ne, kuma ba ya taɓa katin mutum ko matsayinsa na ɗan gudun hijira.

Ga maƙwabta da shugabanni

Limamai, fastoci, bulamai da shugabannin mata, idan kun je gaisuwa ku nemi ƙannen mamaci ku gaishe su da sunansu. Ku karɓi aikin tabarmi da girki daga hannunsu na kwana ɗaya. Kada ku ce "wasu sun rasa fiye da haka," domin ciwon wani ba ya warkar da na wani. Ba sai kun iya magana ba, zama kusa da mutum shiru ma gaisuwa ce. Ku kuma koma bayan an watse, a mako na uku da wata na biyu, lokacin da ƙafa ta ɗauke daga gidan. Zumunta a ƙafa take.

Duk ayyukan da aka ambata na HCR da abokan aikinta kyauta ne. Wanda ba ya iya karatu, a karanta masa wannan takarda. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bayyana waɗanda suka ɓace, ya ba iyalansu haƙuri.